Goɗiyar da Na Ware

Litinin, 8 ga Satumba, 1986. Ƙarfe huɗu da minti arba'in na yamma, ɗakin baƙi na gidan Alhaji Arzika, Argungu.

Na iso ƙarfe goma sha ɗaya da kwata a babur ɗin ofis. Wannan ne aiki na farko da aka tura ni ni kaɗai tun da na gama karatun likitan dabbobi. Mista Akanbi, shugabanmu a Birnin Kebbi, cewa ya yi ƙaramin abu ne, doki ya yanke, in ɗinke in dawo.

Ga abin da na tarar. Alhaji Arzika ɗan kasuwar albasa ne, yana kuma sayen dukusai ya rena ya sayar wa masu sukuwa. Bargarsa tana gefen fadama. Ran Asabar ruwan gulbi ya hau ya shiga bargar, aka kwaso dawakin zuwa filin da ake loda albasa a bayan gidan nan. Na auna filin: mita goma sha tara a tsaye, sha biyu a kwance. Ƙasan siminti ne, ba inda za a kafa turke, ko da an kafa ma za su yi kusa da juna har igiyoyi su harɗe. Don haka a sake suke. Dukusai biyar, duk maza, 'yan shekara ɗaya da rabi zuwa biyu: Bidi, Kili, Akawal, Danda, da wani ja da ba a sa wa suna ba. Sai wata tsohuwar goɗiya, ƙashin baya duk a waje. Ita sai ran Lahadi aka kawo ta don ba ta da sauri.

Kili ne ya ji ciwo, ran Asabar da la'asar. Suna guje-guje, Bidi ya ture shi ya faɗa wa bakin kwanon rumfa. Yanka a kafaɗar dama, santimita goma sha ɗaya. Na wanke, na yi ɗinki bakwai, na yi allura. Ɗinki na farko ya karkace, na warware na sake. Ina fata ba a lura ba.

Mai kula da su Baba Labbo ne, tsoho, gajere, baƙin rawani. A gabana Alhaji ya ce masa, “Labbo, shekara ashirin da shida da ka yi a gidan nan ba ita za ta hana ni magana ba. Wani ya ƙara jin ciwo, ka bar mini dawakina.” Tsohon ya ci gaba da riƙe mini kan Kili.

Alhaji ya ce in zauna har ruwa ya janye. Ban san ko an yarda mini da haka a ofis ba.

Talata, 9 ga Satumba

Na zagaye filin sau biyu da guduma. Ƙusoshi goma sha huɗu na cire daga katanga da ginshiƙan rumfa. Mun naɗe bakin kwano da tsofaffin buhuna. Kusurwar gabas, inda doki zai iya maƙalewa in an koro shi, mun tare ta da zana mai kauri. Na sa aka cire musu ragama duka, don a wasan cizo haƙori ko ƙafa na iya shiga ciki. Harawa kuma a zuba wuri bakwai, ba wuri ɗaya ba, ko an kori doki daga wani tulin ya sami wani.

Baba Labbo ya yi duk abin da na ce. Na harawar ma ya ce ya yi kyau. Amma da ya ga na zauna kan turmi da agogo da littafi ya yi dariya. “Likita, mi kaka rubutawa? Sunan mai laihi?”

Ƙirga nake yi. Duk lokacin da biyu suka taɓa juna da haƙori ko kofato, ɗaya ke nan. Daga bakwai zuwa takwas na safe: shida. Ba mai tsanani. Goɗiyar tana yawan gittawa tsakaninsu, ta tare mini gani, mai yiwuwa na rasa ɗaya ko biyu.

Ita ce ta dame ni. Majina mai kauri a hancinta na hagu, ruwan ɗorawa, da ɗan wari. Zafin jiki 38.1, daidai. Ƙarƙashin muƙamuƙi ba kumburi. Tana ci. Amma akwai ciwon maƙogwaro mai yaɗuwa da ke farawa kusan haka, kuma ƙananan dawaki ya fi kamawa. Kwano ɗaya suke shan ruwa su shida.

Baba ya ce, “Gwaggo? Kowace damina haka take. Ba ta da komi.” Gwaggo yake ce mata.

Laraba, 10 ga Satumba, Birnin Kebbi

Na kawo majinar a kwalba don a aika ɗakin gwaji a Sakkwato. Sati biyu, in an yi sa'a. Na tambayi Mista Akanbi ko in ware ta. Yana cin gyaɗa, bai ko ɗago ba. “Abdussamadu, ni ina nan, kai kana can. Wa ya ga doki? Yi abin da ka gani.” Ya ce in zauna Argungu zuwa ƙarshen mako mai zuwa.

Na duba littafina na makaranta a gida. Shafin ya ce duk mai majinar da ba a san dalilinta ba a ware shi. Shafin da ke bayansa ya ce in ta hanci ɗaya ce, da wari, ba zazzaɓi, a duba haƙori. Na karanta duka biyun. In na bar ta, ciwon ya zama shi ne, dukusai biyar ne, kuma sunana ne a takarda.

Inna ta ce na rame a kwana biyu.

Alhamis, 11 ga Satumba

Na ware goɗiyar, ƙarfe tara da rabi. Tana bayan katanga, ƙarƙashin dalbejiyar maƙwabci, taku arba'in daga ƙofar filin, da kwanonta daban.

Baba Labbo bai yarda ba, kuma yau ne karo na farko da ya musa mini. Bai ɗaga murya ba. Ya ce tun uban Alhaji ba a sakin dukusai wuri ɗaya babu tsohuwa a cikinsu, don haka ma ake ciyar da ita, ba hawa ba haihuwa. “Ita ka raba su, Likita. In wasa ya yi zahi ita ka shiga. Ka hidda ta, wa za su ji ma tsoro? Ni? Ƙahwata biyu.”

Na yi masa bayanin ƙwayoyin cuta. Na daɗe ina yi. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “To. Kai ne likita.” Shi da kansa ya ja ta.

Alhaji ya tafi Augie duba gonar shinkafa, sai Talata. Bai san da wannan ba.

Ta yi ta haniniya har azahar.

Juma'a, 12 ga Satumba

Bakwai zuwa takwas: goma sha bakwai. Ranar farko ce, za su saba.

Asabar, 13 ga Satumba

Ashirin da uku. Kuma ba irin na Talata ba ne. A da in Bidi ya ciji wani a wuya sai ya sake shi ya koma ci. Yanzu ba mai tsayawa. Ɗaya ya miƙe kan ƙafafun baya, ɗayan ma ya miƙe, su sauko, su juya wa juna gindi, na uku ya shigo. Kofato a kan siminti santsi yake yi. Sau biyu na ga Akawal ya zame.

Mun zuba yashi, buhu tara. Na ce a fitar da su bi da bi a zagaya da su don su gaji. Mu biyu ne, doki biyar, kafin a dawo da na ƙarshe na farko ya huta. Na ce a yi wa Bidi dabaibayi. Baba ya ce a'a, kai tsaye. “Ka ɗaure ƙahwar guda cikin huɗu sakakku? Shi za su ci.” Na yi tunani, na ga gaskiyarsa, na bar maganar.

Kili na sa a rumfa bayan itace biyu saboda ɗinkinsa. Ko shi, sai su miƙo wuya ta sama.

Goɗiya: 38.0. Majina kamar jiya. Sauran biyar ba mai majina ko ɗaya.

Baba bai sake ambatar ta ba. Da ya yi ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 14 ga Satumba

Ƙarfe goma da minti sha biyu na safe. Ina tsaye a ƙofa, na gani da idona.

Bidi da jan suna kokawa. Danda, ƙaraminsu, ya zo da gudu yana son shiga. Jan ya juya ya yi harbi da ƙafa biyu, ba ma shi yake nufi ba. Na ji ƙarar tun daga ƙofa. Ƙafar gaba ta hagu, kamar faɗin hannu sama da gwiwa, ta ciki, inda ba nama a kan ƙashi.

Ya tsaya da ƙafa uku yana kyarma. Fata ta fashe kaɗan, santimita biyu. Kumburi nan da nan. Na taɓa, na motsa a hankali, ban ji ƙashi yana gogar ƙashi ba. Ba karaya a fili. Amma tsagewa a ciki ba a jin ta da hannu, kuma in ta nan ce, rana ɗaya zai kwanta ya zo tashi ta ƙarasa. Ba na'urar hoton ƙashi ta doki a duk yankin nan.

Ruwan sanyi, bandeji mai kauri, allura. Mun ɗaure kansa sama don kada ya kwanta. Baba ne ya san ƙullin, ni ban sani ba.

Bai kalle ni ba ko sau ɗaya. Danda yake ta yi wa magana, “Sannu ɗana, sannu, sannu.”

Ban ci abincin rana ba.

Litinin, 15 ga Satumba

Danda yana ɗan taɓa ƙasa da bakin kofato. Zafi 38.6.

Na mayar da sauran cikin rumfa da fili bi da bi, biyu nan ɗaya can. Waɗanda ke tare ba su fasa ba.

Kulu, matar Baba, ta kawo masa fura da hantsi. Ta ajiye, ta gaishe ni da kyau, sannan ta ce, kamar da ƙwaryar take magana, “Malam ya ce in fara ɗaure kaya. Shekara ashirin da shida, ashe kayan namu ƙulli uku ne.” Baba ya ce, “Ke, tahi gida.”

Bayan la'asar na jera shafukan littafina. Kili ya yanke ran Asabar. Goɗiyar ba ta iso ba sai Lahadi. Ni da hannuna na rubuta haka ranar da na zo. Tana ciki, shida. Ba ta ciki, sha bakwai, ashirin da uku.

Na je bayan katanga da tocila na buɗe bakinta. Ta sha wuya, ni ma. Haƙorin turmi na huɗu a sama, gefen hagu, baƙi ne, rabinsa ya ruɓe, warin ɗaya da na hancin. Minti biyar ya ɗauke ni. Da na yi shi tun Alhamis.

Wannan bai tabbatar da cewa ba ta da ɗayan ciwon ba. Doki na iya yin biyu. Haka nake ta gaya wa kaina.

Talata, 16 ga Satumba

Alhaji ya dawo ƙarfe sha biyu saura. Kai tsaye filin ya nufa, ko ruwa bai sha ba.

Ya daɗe yana kallon ƙafar. Ya tambaye ni mene ne, na gaya masa: lokaci, wane doki, wace ƙafa, girman rauni, abin da na yi, abin da ake tsoro. Ya tambaya ko zai yi gudu. Na ce ba a sani ba sai bayan sati shida. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Ba kalma ɗaya ta ƙarya.

Bai tambayi ina goɗiyar take ba. Ban tsammanin ya ma lura babu ita.

Ya juya. “Labbo, me na ce maka?”

“Ka hwaɗi, Alhaji.”

“To, Juma'a bayan masallaci ka ba Maigandi mabuɗin rumbun dusa.” Maigandi direbansa ne.

Ina tsaye da bokiti a hannu. Na jira Baba ya ce likita ne ya fitar da ita. Na riga na shirya amsar da zan bayar in ya faɗa, da shafin littafin da komai. Bai faɗa ba. “To, Alhaji,” ya ce, ya sunkuya ya gyara bandejin da ba ya bukatar gyara.

Ni kuma ba a tambaye ni ba. Shi ke nan. Ba a tambaye ni ba.

Laraba, 17 ga Satumba

Na ce wa Baba mu mayar da goɗiyar. Ya ce, “Likita, ni yanzu baƙo ne nan. Kwana biyu gare ni.”

Na ce me ya sa bai gaya wa Alhaji ba. Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. “Kai yanzu kaka farawa.”

Ashirin da ɗaya, da dawaki uku kacal a fili.

Alhamis, 18 ga Satumba

Ƙarfe shida da rabi na kwance ta da kaina. Ta taka mini ƙafar dama a bakin ƙofa, farcen babban yatsa ya yi baƙi. Kwanon ruwanta daban na ajiye mata, ko da yake na san ba za su bi wannan dokar ba.

Ta shiga ba ta kalli kowa ba, ta nufi tulin harawa na tsakiya, wanda Bidi ke ci, ta tsaya. Ya matsa. Bayan kamar minti goma shi da jan suka fara. Cizo ɗaya, biyu, ta ƙyale su. Da suka miƙe tsaye sai ta ɗago kai, ta kwantar da kunnuwa, ta taka a hankali ta shiga tsakani, ta juya wa Bidi baya. Ba ta yi harbi ba. Tsayawa kawai ta yi. Ya yi ɗan tsalle gefe, ya girgiza kai, ya tafi yana shinshinar yashi kamar da ma abin da ya fito yi ke nan.

Bakwai zuwa takwas: bakwai.

Baba yana bakin rumfa yana shafa wa Danda ruwa. Ya gani. Ya ci gaba da shafawa.

Ƙarfe tara na je shagon Alhaji a kasuwa. Akwai mutum huɗu a kan benci, dillalan albasa. Na so in ce ya ba ni minti biyu a gefe, sai na ji in na jira zan fasa. Na faɗa a nan. Na ce ni na ba da umurni a fitar da goɗiyar ran Alhamis da ta wuce, Baba ya hana, na ƙi ji. Na ce ciwon Kili ma ba ta nan aka yi shi. Na ce ran Talata na san haka na yi shiru. Na miƙa masa littafin. Bai karɓa ba.

“Wace goɗiya? Gwaggo? Ka fitar da Gwaggo daga cikin yara?” Ɗaya daga cikin dillalan ya yi dariya, ya ce ko jikarsa ta san wannan.

Alhaji bai yi dariya ba. “Ran Talata kana tsaye ina wulaƙanta tsohon da ya koya mini hawa.”

Na ce e.

“Bokon ne ya koya maka haka, ko daga gida ka zo da shi?”

Kunnuwana kamar an zuba musu barkono. Ya ce zai rubuta wa shugabana takarda. Na ce daidai ne. Ya ce in tafi.

Juma'a, 19 ga Satumba

Bayan masallaci Maigandi ya zo filin. Na ɗauka mabuɗin ya zo karɓa. Ashe buhun dusa ya kawo, da goro a takarda daga Alhaji zuwa ga Baba, da saƙon cewa rumbun yana yoyo ta arewa, ya sa a gyara kafin a koma barga. Ba wanda ya ambaci mabuɗi. Yana rataye a wuyan Baba inda yake.

Baba ya ɓare goro ɗaya ya ba ni rabi. Ba na cin goro. Na ci.

Litinin, 22 ga Satumba, ƙarfe biyar da minti biyar na yamma, Argungu

Na je Birnin Kebbi da safe na dawo. Takardar Alhaji ta riga ni isa, tana kan teburin Mista Akanbi a buɗe, ya ɗora ƙwaryar gyaɗa a kai. Ya ce in koma ofis gobe, akwai allurar shanu. Na ce ina roƙon kwana uku, akwai haƙorin da za a cire. Ya ce, “Na dokin da ba ya aikin komai?” Na ce tana aiki.

Na cire ɗinkin Kili, ya haɗe sarai. Danda yana taka ƙafar rabi. Na so in sauke masa kai yau, amma na tambayi Baba tukuna, ya ce a bari sai an ga ya fara jingina nauyi da kansa yana ci. Na bari. Ba don komai ba, ya fi ni ganinsa ne a yini.

Kulu ta aiko da fura ƙwarya biyu.

Abubuwan da ban sani ba zuwa yau:

Ko ƙashin Danda ya tsage.

Abin da ɗakin gwaji zai ce. In suka ce ciwon ne, to ni na mayar da ita cikinsu da hannuna, kuma yau kwana huɗu suna shan ruwa wuri ɗaya.

Abin da Mista Akanbi zai yi da takardar.

Ranar da ruwa zai bar bargar.

Ko Gwaggo za ta jure cire haƙorin a shekarunta, da kuma wadda za ta tsaya a wurinta in ba ta jure ba. Baba ya ce akwai wata a Gulma, amma tana da saurin fushi.

Ko da zan je shagon Alhaji ran Alhamis in da na mayar da ita ba su natsu ba. Sai da na ga bakwai a littafi sannan na tashi. Wannan ba wanda zan aika wa ya gwada mini.